Daga Ƙauyen Saman Zuwa Fadar Bukhara

Duk baƙon da ya sauka Dushanbe, babban birnin Tajikistan, ya je canjin kuɗi, sunan wani gidan sarauta da ya shuɗe fiye da shekara dubu za a ƙirga masa a tafin hannu. Somoni ake kiran kuɗin ƙasar tun watan Oktoban 2000, kuma zanen da ke jikin takardar somoni 100 na Isma'ila ɗan Ahmadu ne, sarkin Bukhara da ya rasu a 907. A 1999 gwamnatin Emomali Rahmon ta yi gagarumin bikin cikar daular gidansa, wato Samaniyawa, shekara 1,100, ta kafa wa Isma'ila ƙaton mutum-mutumi a tsakiyar birnin. Hatta dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mai mita 7,495, wanda a zamanin Tarayyar Sobiyat yake ɗauke da sunan kwaminisanci, sunan wannan sarki aka raɗa masa a 1998. Ƙasa ce da ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasar 1992 zuwa 1997 ba, tana neman kakan da kowa zai yarda nasa ne.

Sai dai hubbaren gidan ba ya Tajikistan. Yana Bukhara, ita kuwa Bukhara, da 'yar'uwarta Samarkand, cikin Uzbekistan suka faɗa tun lokacin da 'yan Sobiyat suka shata iyakokin yankin a 1924. Har gobe wannan rabo yana ci wa Tajikawa tuwo a ƙwarya. Uzbekawa sun riƙe biranen amma Amir Timur suka ɗauka gwarzonsu. Mutanen Iran na cewa tarihin Farisa ne, nasu ne. Balkh kuma, inda labarin ya faro, a arewacin Afganistan take. Ana ta jayayya a kan jika, an bar kakan da ya kafa gidan kusan babu mai ambatonsa.

Saman Khuda ake ce masa, wato ubangidan Saman. Saman ɗin ƙauye ne. Galibin marubuta sun ce a ƙasar Balkh yake, wasu sun kai shi kusa da Samarkand. Mutumin dihkan ne, irin masu ƙasar nan na gargajiya da suka gaji gonaki da magudanan ruwa da talakawa tun zamanin sarakunan Farisa, kusan matsayin hakimi a nan ƙasarmu. Addininsa Majusanci. Zuriyarsa daga baya ta ce tsatson Bahram Chubin ce, sarkin yaƙin nan da ya ƙwace gadon sarautar Farisa a 590 kafin Kisra na biyu ya kore shi shekara guda bayan haka. Babban malami irin al-Biruni ya karɓi wannan salsala. Masu bincike na zamani da yawa suna ɗaukarta da taka-tsantsan, domin gidajen sarautar wancan zamani kusan duk sun nemo wa kansu kaka a cikin tsofaffin sarakuna. Abin da ba a gardama a kai shi ne mutum ne mai asali, mai ƙasa, mai jama'a.

Labarin musuluntarsa ya fi fitowa fili a littafin tarihin Bukhara na Narshakhi, wanda aka rubuta da Larabci wajajen 943 aka miƙa wa sarki Nuhu ɗan Nasru. Abokan gaba ne suka kori Saman daga Balkh, ya gudu wurin gwamnan Khurasan na Banu Umayya, Asad ɗan Abdullahi al-Kasri, wanda ya fara riƙe yankin daga wajajen 724 zuwa 727. Asad ya karɓe shi hannu biyu, ya murƙushe masa magabta, ya mayar da shi kan matsayinsa. Saman ya musulunta a hannunsa, da aka haifa masa ɗa namiji kuma ya sa masa suna Asad. Akwai wata riwayar da ta ce a hannun Halifa Ma'amun ya musulunta lokacin da yake zaune a Marw, amma lissafin shekaru bai ba ta hannu ba: a zamanin Ma'amun jikokin Saman ma manya ne har suna jan runduna, sannan riwayar ba ta bayyana inda sunan Asad ya shigo gidan ba.

Me ya sa ya musulunta? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce gudun jiziya. Wannan amsa ba ta san yadda Khurasan take a lokacin ba. Dihkanai su ne masu tara haraji, su ke raba wa kowane ƙauye abin da zai biya, su miƙa wa gwamna dunƙulallen kuɗi. Musuluntar talakawa ma asara ce a wurinsu. A 728, da gwamna Ashras ya yi alkawarin ɗauke jiziya ga duk wanda ya shiga Musulunci a ƙasar Samarkand, mutane suka yi ta tururuwa zuwa masallatai, sai masu ƙasar suka kai kuka cewa babu sauran wanda za a karɓi haraji a hannunsa. Ashras ya janye alkawarin, yankin ya kama da wuta. Wannan zalunci ga sababbin musulmi tabo ne a tarihin Banu Umayya, sai a wajajen 739 Nasru ɗan Sayyar ya gyara tsarin. Mutum irin Saman ba jiziya ce ta dame shi ba. Abin da ya samu a wurin Asad shi ne amana a ranar da kowa ya juya masa baya, ya kuma ga cewa zai iya zama musulmi ba tare da ya rabu da gonarsa da girman gidansa ba. Abin da ke cikin zuciya Allah ne masani. Abin da tarihi ke iya aunawa shi ne yadda gidan ya riƙi addinin bayansa.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba, kuma a nan ne za a ga abin da ya bambanta gidansa. Tughshada, mai sarautar Bukhara ta gargajiya, shi ma ya sa wa ɗansa suna Kutaiba don girmama Kutaiba ɗan Muslim da ya ci birnin a 709. Wannan ɗa, bisa umarnin Abu Muslim, jagoran juyin Abbasiyawa, aka kashe shi, ana zarginsa da komawa tsohon addini. Barmak, mai kula da babban ɗakin bautar Budda na Naubahar a Balkh ɗin nan dai, shi Asad ya ɗora wa aikin sake gina birnin. Zuriyarsa, Baramika, suka tafi Bagadaza suka zama wazirai, suka yi arzikin da har yau ake ba da labarinsa, amma a 803 Haruna Rashid ya rushe su, ya kashe Ja'afar, ya ɗaure Yahaya da Fadlu. Afshin, ɗan sarkin Usrushana, ya tafi fadar Halifa Mu'utasim ya zama babban sarkin yaƙi, shi ya kamo ɗan tawaye Babak a 837, amma a 841 ya mutu a kurkukun Samarra bayan an tuhume shi cewa Musuluncinsa na baki ne.

Gidan Saman bai tafi Bagadaza ba. Wannan shi ne bayanin da ya fi gamsarwa game da daɗewarsu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗanda suka bi hasken fadar halifa, ƙarfinsu ya rataya ga yardar mutum ɗaya, ran da ya sauya fuska suka faɗi. 'Ya'yan Saman sun zauna cikin 'yan'uwansu dihkanai, suna jin harshen talakawa, sun san kowace rijiya da kowane kwazazzabo, suna yi wa halifa biyayya daga nesa. Kusan shekara 80 gidan ya yi ba a jin ɗuriyarsa sosai, har sai da aka buƙace shi.

Buƙatar ta zo da tawayen Rafi'u ɗan Laisu, wanda ya ɓarke a Samarkand a 806, ya girgiza daular Abbasiyawa har Haruna Rashid da kansa ya taso gabas, ya rasu a Tus a 809. 'Ya'yan Asad ɗan Saman su huɗu sun taimaka wajen kashe wutar. Wajajen 819 Ma'amun ya sa gwamnansa Gassan ɗan Abbad ya saka musu: Nuhu ya samu Samarkand, Ahmadu Fargana, Yahaya Shash, wato Tashkent ta yau, Iliyasu kuma Harat. Reshen Harat bai yi nisa ba. Reshen Ahmadu ne ya yi yaɗo. Bayan Yakubu Saffar, maƙerin tagulla da ya zama sarkin Sistan, ya kawar da gidan Ɗahiru, masu mulkin Khurasan, a Naisabur a 873, sai Halifa Mu'utamid ya aiko wa Nasru ɗan Ahmadu takardar mulkin dukkan ƙasar da ke bayan kogin Jaihun a 875.

Shekara guda kafin nan, Bukhara ta rasa mai riƙo, 'yan fashi da masu neman mulki suna ta wasa da ita. Malaman birnin ne suka aika Samarkand suna roƙon Nasru ya turo musu wani daga gidansu. Ya tura ƙanensa Isma'ila, saurayi ɗan shekara 25. Ba a jima ba rigimar kuɗin haraji ta shiga tsakanin wa da ƙane, har ta kai ga fito-na-fito a 888. Isma'ila ya yi nasara, aka kawo masa Nasru a kame. Abin da ya yi a ranar shi ya sa marubuta suka ƙaunace shi: ya sauko daga doki ya gaida yayansa gaisuwar ƙane, ya mayar da shi Samarkand da sarautarsa, ya ci gaba da zama wakilinsa a Bukhara har Nasru ya rasu a 892. A zamanin da ake ƙwaƙule wa 'yan'uwa ido saboda gadon sarauta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A 893 ya kai yaƙi Talas cikin ƙasar Turkawa, ya ci garin, aka mayar da babbar majami'arsa masallaci. A 900 Amru ɗan Laisu, ƙanen Yakubu Saffar, ya taso da runduna yana riƙe da takardar halifa da ta ba shi ƙasar Isma'ila. Suka haɗu kusa da Balkh, garin kakansa, aka kama Amru aka aika da shi Bagadaza, inda aka kashe shi a 902. Halifa Mu'utadid ya miƙa wa Isma'ila Khurasan gaba ɗaya. Kusan shekara 200 bayan haka, waziri Nizamul Mulk yana ba sarakunan Saljuƙawa misali da shi, yana cewa ranar da dusar ƙanƙara ta yi tsanani sai Isma'ila ya hau doki ya tsaya a dandali, don kada wani wanda aka zalunta ya zo da kuka ya tarar da ƙofa a rufe.

A nan ne masu kishin ƙasa na yau ke kawo nasu bayanin. Suna cewa Samaniyawa farfaɗowar Farisa ce bayan mamayar Larabawa, daula ta farko ta Tajikawa mai cin gashin kanta, Musuluncin kuma riga ce kawai da zamani ya tilasta. Akwai ɗan abin kamawa a maganar. Gidan ya yi alfahari da tsohuwar Farisa. A ƙarƙashin inuwarsa aka tattara labaran tsofaffin sarakuna a Tus a 957, Dakiki ya fara waƙe su, Firdausi ya ɗora a kai wajajen 977. Amma sauran hujjoji sun ƙi zama a wannan buhu. Babu sarkin gidan da ya wuce laƙabin amir a hulɗarsa da Bagadaza. Sunan halifa na kan kuɗinsu, yana cikin huɗubarsu. Isma'ila da kansa ya sa malaman Hanafiyya su rubuta littafin aƙidar Ahlus Sunna, aikin da Hakim Samarkandi ya yi. A Samarkand ɗinsu Imam Maturidi ya rayu ya karantar har ya rasu wajajen 944. Da sarki Nasru na biyu ya karkata ga masu wa'azin Isma'iliyya a ƙarshen mulkinsa, malamai da sarakunan yaƙi ba su lamunta ba, ɗansa Nuhu ya kawar da su bayan ya hau a 943. Mutanen da suka yi wannan ba su ɗauki addini rigar aro ba.

Babban aikinsu ma, wanda ya fi duk yaƙe-yaƙensu tasiri, shi ne sanya Musulunci a bakin talaka. Narshakhi ya ba da labarin cewa a farkon zamani, da Kutaiba ya gina masallaci a Bukhara wajajen 713, sai da ya riƙa ba duk wanda ya zo Juma'a dirhami biyu, mutane kuma ba su iya Larabci ba, sai wani ya tsaya a baya yana faɗa musu da harshensu lokacin ruku'u da sujada. Shekara 250 bayan wannan, Mansur ɗan Nuhu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, aka kawo masa tafsirin Ɗabari daga Bagadaza, karatunsa ya yi masa nauyi. Bai yi gaban kansa ba. Ya tara malaman Bukhara da Samarkand da Balkh da Fargana ya tambaye su ko ya halatta a mayar da shi Farisanci. Suka ba da fatawa cewa ya halatta ga wanda bai san Larabci ba, suka kafa hujja da ayar Suratu Ibrahim da ke bayanin cewa kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. A 963 kuma wazirinsa Abu Ali Bal'ami ya fara mayar da tarihin Ɗabari zuwa Farisanci.

Wanda ya taso yana jin tafsirin azumi da Hausa, mai jan baƙi na ja malam na fassarawa, ko ya buɗe tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, zai gane nauyin wannan mataki fiye da wani baƙon masani. Harshe ne na biyu ya shiga hidimar addini da haruffan Larabci, da izinin malamai, ba da faɗa da Larabci ba. Hanyar da aka buɗe a Bukhara ita Turkanci da Urdu da Malayanci suka bi daga baya.

Fadar kanta ta cika da masana. Nasru na biyu yana ɗan shekara 8 ya hau a 914, bayan bayin fada sun kashe mahaifinsa, waziri Jaihani, masanin labarin ƙasa, ya riƙe masa mulki. Ibn Fadlan, manzon halifa zuwa Bulgar ta kogin Volga, ya biyo ta Bukhara a 921 ya gan shi yaro ne ko gemu bai fito masa ba. A wannan fada Rudaki ya yi waƙa, shi ake kira uban waƙar Farisanci, ya mayar da Kalila da Dimna waƙe. Ibn Sina, wanda mahaifinsa mutumin Balkh ne ma'aikacin gidan, yana matashi ya yi wa Nuhu ɗan Mansur magani, ladansa ya roƙi a bar shi ya shiga ɗakin littattafan fada. Ya tarar da ɗakuna a jere, kowane fanni da ɗakinsa da kundin sunayen littattafansa, ya ga littattafan da ya ce bai taɓa ganinsu ba kafin nan, bai kuma sake ganinsu ba.

Kuɗin wannan duka daga ina? Daga azurfa da bayi. Ma'adinan Shash da na Panjshir sun ciyar da gidajen buga kuɗi, dirhamin Samaniyawa ya bi ayari zuwa Volga, ya shiga hannun fataken Rus masu kawo fatun dabbobi da zuma da bayi. Har yau manoma da masu tonon tarihi na tono tulin waɗannan dirhamai a Rasha da tsibirin Gotland na Suwidin, da kalmar shahada da sunan Samarkand ko Shash a jikinsu. Ɗaya kasuwar kuma ba abin alfahari ba ce. Yaran Turkawa da aka kamo ko aka saya a bakin iyaka su ake kaiwa Bagadaza, gwamnati na karɓar kuɗin fito a mashigar Jaihun. Waɗanda aka ajiye a gida ana horar da su mataki-mataki: shekarar farko a ƙasa yaro zai bi doki, ta biyu a ba shi nasa dokin, a haka har ya zama jagoran runduna.

Wannan tsari shi ya ci gidan. Sannu a hankali rundunar dihkanai ta koma gefe, mulki ya koma hannun sarakunan yaƙin da aka saya da kuɗi, waɗanda ba su da gona ko dangi a ƙasar. Alptigin, da ya sha kaye a rikicin naɗin sarki na 961, ya kwashi mutanensa ya tafi Gazna. Daga cikin bayinsa Sabuktigin ya fito, mahaifin Mahmud na Gazna. Gidan Simjur, na irin waɗannan sarakunan yaƙi, ya mayar da Khurasan kamar gadonsa. Haraji ya yi nauyi, azurfar dirhami ta ragu. Gidan da ya tashi saboda ya riƙe 'yan'uwansa masu ƙasa ya wayi gari ya sake su, har ya zamana wasu dihkanai na cikin waɗanda suka gayyato Bugra Khan, sarkin Turkawan Karakhan, ya shiga Bukhara a 992. Rashin lafiya ce ta sa ya janye.

Su kuwa waɗannan Turkawa musulmi ne, kuma daga ƙasar Samaniyawa fatake da masu wa'azi suka kai musu addinin. Sarkinsu Satuk Bugra Khan, wanda ya rasu a 955, ya musulunta. Marubutan tarihi sun ambaci shigar tantuna 200,000 na Turkawa Musulunci a 960. Don haka da Ilik Nasru na Karakhan ya tunkaro Bukhara a 999, masu huɗubar gidan suka hau mumbari suna kiran jama'a su ɗauki makami, sai mutane suka je wurin malaman fiƙihu neman fatawa. Malaman suka ce da a kan addini ake faɗan da ya wajaba a fita, amma tunda rigimar duniya ce tsakanin musulmi, babu dalilin da mutum zai ba da jininsa. Jama'a suka zauna a gidajensu. A watan Oktoba Ilik ya shiga birnin ba tare da turjiya ba, aka kwashi sarki Abdulmalik na biyu da danginsa zuwa Uzgand. Mahmud na Gazna ya riga ya ɗauke duk abin da ke kudancin kogin.

Mutum ɗaya ya ƙi sallamawa. Wani ƙanen sarkin, shi ma Isma'ila sunansa, ya sulale daga tsare cikin tufafin mata, ya ɗauki laƙabin Muntasir, ya tara mayaƙa har ya sake shiga Bukhara na ɗan lokaci. Shekara biyar yana kai gwauro yana kai mari tsakanin Khwarizm da Naisabur da hamada, yau Turkawan Guzz na tare da shi, gobe sun watse. A 1005 ya nemi mafaka a zangon wata ƙabilar Larabawa makiyaya kusa da Marw, shugabansu ya sa aka kashe shi.